Gadalin Kolo

Babu wanda ya san fatar Kolo kamar ni, har matarsa Kaltum. Ni ne ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauyenmu, nan gefen Kunci. Sunana Zubair, amma duk gari Likita suke ce mini, kuma tun da aka turo ni nake ɗinke mutumin nan. Na ɗinke goshinsa, na ɗinke leɓensa na sama, na ɗinke bayan kunnensa. Waɗanda shi ya fasa wa kai ya turo mini kuwa sun fi haka yawa. Idan na ji hayaniya ta taso daga gonakin arewa ba na tambayar kowa, ruwa nake ɗorawa in ɗauko allura da zare.

Gajere ne, baƙi, mai faɗin ƙirji, ga wuya kamar turmi. Kakanninsa Barebari ne da suka zo fataucin kanwa suka zauna, har yaren ya ɓace musu, sunayen kawai suka rage. Ba ya shan komai, ba ya caca, sallah ba ta wuce shi. Idan ka tarar da shi a gida yana ɓare wa jikoki gyaɗa sai ka rantse ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba. Duk faɗan da ya yi a rayuwarsa a kan abu ɗaya ya yi shi, wani ɗan tudu da ke tsakiyar gonarsa wanda bai fi faɗin tsakar gida ba.

Mu nan ba mu da daji. Gona ce ke manne da gona tun daga bayan katangar gida har inda ido ya tsaya, kowace ta sha taki, kowace da mai ita. Iyaka kuwa siririn layin gamba ne da garma ke ɗan gutsura kowace damina. Yaro sai ya girma ya yi aure bai taɓa taka ƙasar da ba a noma ba. To a cikin wannan matsin ne tudun Kolo yake zaune, ba a taɓa sa masa fartanya ba tun zamanin kakansa. Akwai tsohon suri a kansa, da bishiyar tsada, da sanya wadda ake kira uwar magunguna, da wasu ciyayi da tsofaffi kaɗai ke tuna sunansu. Sai kuma furen.

Furen a tsakiyar bazara yake fitowa, lokacin da ƙasa ba ta takuwa babu takalmi. Sai ka ga sirāran karare sun huda busasshiyar ƙasa, ba ganye ko ɗaya, sun kai gwiwa, sun jera furanni masu launin shunayya mai haske. A ƙasa saiwarsa curi-curi ce kamar gwaza, ɗaya manne da ɗaya. Mahaifiyar Kolo, Inna Amsa, ita ta nuna masa shi. Ta ce da ƙuruciyarta yana ko'ina a bakin burtali, kuma da shi ake sanin lokacin binne, shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa a jira ruwa: da ya buɗe, sai a fito da iri. Burtalin an daɗe da nome shi. Ita kanta ta gwada dasa furen a gida, a bakin rijiya, a cikin tukunya, duk ya mutu. Inda ya ga dama nan yake zama. Wani malamin kimiyya daga Dawakin Tofa ya taɓa zuwa ya durƙusa ya daɗe yana kallonsa, ya ce dangin furen da Turawa ke kira okid ne, kuma shi dai duk yawonsa bai gan shi a wani wuri a yankin nan ba. Kolo ya ce ya sani, sannan ya ce malam ya ja ƙafarsa baya, ya kusa taka ɗaya.

Jinin farko na gida ne. Da mahaifinsu ya rasu, wansa Alhaji, wanda sunan yanka ne, bai taɓa zuwa Makka ba, ya kawo shanun huɗa zai baje tudun, wai ba a bar ƙasa tana zaman banza ana sayen hatsi. Kolo ya zo a guje daga rafi. Ya zare ƙotar fartanya ya sauke wa wan nasa a dantse. Aka ce har gonar gaba an ji ƙarar ƙashin. Ya yi 'yan watanni a gidan yari, da ya fito kuma ya ba Alhaji rabonsa na fadama, mai ruwa rani da damina, ya karɓi gonar tudun. Kaltum takan ce mutane suna gadon gona, mijinta ya gaji suri.

Bayan nan sai masu tonon saiwa su kai kasuwa, da masu saran itace, da masu kiwo. Wani mai tonon sanya kuwa, Kolo ya kama shi ya dinga buga kansa da surin nan har gara ta fito ta rufe masa fuska, ni na yi ta tsince ta daga cikin raunin. Ban ce Kolo ya kyauta ba. Mugun faɗa ne da shi, idan ya fara ba ya jin kira, kuma na sha gaya masa wata rana zai yi kisa ya bar Kaltum da wahala.

Wata rana ina ɗinkin girarsa na tambaye shi.

"Baba Kolo, furen nan ci ake yi?"

"Ba a ci."

"Magani ne?"

"Ba maganin komai ba ne."

"To don me kake ba ni aiki?"

"Idan aka tone shi a ina za a sake ganinsa? Ya riga mu zama a nan. Ja zarenka, Likita."

Abin da ya juya komai ya faru ne a farkon wata damina. Akwai wani saurayi, Fa'izu, dogo, mai yawo da tanki a baya yana yi wa mutane feshin maganin kashe ciyawa. Ranar yana feshi a gonar da ke maƙwabtaka da ta Kolo, iska kuma tana kaɗowa wajen tudun. Kolo ya ce masa ya dakata iska ta kwanta. Fa'izu ya ce wasu gonakin na jiransa. Kolo ya fizge tankin ya maka da ƙasa, ya bi shi da mari. Tankin ya fashe, maganin ya fara gangarawa wajen tudun, sai Kolo ya juya baya ya sunkuya yana tare shi da ƙasa. Fa'izu, da ido ya rufe, ya zaro adda daga ɗamararsa ya sare shi a gadon baya iya ƙarfinsa. Addar ta karye biyu.

Ga yadda aka yi. Manomanmu a kafaɗa suke rataya fartanya, ƙota a gaba, ruwan ƙarfen a baya. Da safen an yi yayyafi, Kolo ya yafa buhu a kan tasa. Ƙarfe ne ya haɗu da ƙarfe, kuma addar dama tsohuwa ce. Da yamma na ga shatin ruwan fartanyar a bayansa, ya kumbura ya yi baƙi. Amma mutanen da ke gonakin kewaye ba fartanya suka gani ba. Sun ga an sari tsoho da adda, adda ta karye, tsohon ya ɗauki guntun ya jefa wa yaron a ƙafa ya ci gaba da tare ruwan maganinsa.

Kowa ya san 'yan tauri, masu shan magani don kada ƙarfe ya kama su. Kowa kuma ya san gadali, irin albasar nan da wasu ke ajiyewa a tukunya don asiri. Kafin ranar kasuwar Kunci an haɗa wannan da wancan, furen ya sami suna, gadalin Kolo. Sai ka ji ana ta cewa ashe shi ya sa. Shi ya sa ya karya hannun ɗan'uwansa, shi ya sa ya bar fadama. Mutanenmu za su yarda da aljani a kan tsamiya, amma ba za su taɓa yarda mutum ya zubar da jini shekara da shekaru a kan abin da ba a ci ba a sha ba. Sun daɗe suna neman dalili, ranar nan suka samu.

Na ɗauki fartanyar na kai majalisar ƙofar masallaci na nuna musu inda addar ta ci bakinta. Suka ce ai Likita ba zai tona asirin mutuminsa ba. Na ce to ɗinkunan da na yi masa fa, da bakina na cije shi? Suka ce da can bai gama haɗa maganin ba. Raina ya ɓaci har na yi musu maganar da ba ta dace da shekaruna ba, suka yi dariya.

A lokacin ne labarin ɓarayin daji ya fara matsowa daga yamma. Samarin gari suka kafa banga, Fa'izu ya zama na gaba a cikinsu, tunda shi ne ya gani da idonsa. Ban ga laifin tsoronsu ba, ni ma na ji shi. Yara ne da gora da bindigar toka, ana cewa su tare masu manyan makamai. Da farko da ladabi suka je wa Kolo, da goro, suka durƙusa. Ya ce musu babu wani magani, fure ne kawai. Suka tashi suna cewa tsohon nan rowa ce da shi, ya fi son a kashe su.

Sai aka fara tono. Ya tafi sallar Juma'a, ya dawo ya tarar da ramuka. Ya tafi jana'iza, ya dawo ya tarar da wasu. Waɗanda suka ci saiwar suka gwada reza a cinyarsu, reza ta shiga, suka zo na ɗinke su. Na ɗauka shi ke nan, magana ta mutu. Ina. Cewa suka yi akwai sharaɗin da Kolo ke ɓoyewa, wataƙila sai da hannunsa za a tono, wataƙila sai an ci da yawa. Baƙi suka fara zuwa a babura daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba, suna tambayar gidan mai gadali. Kolo ya daina zuwa kasuwa, a tudun Kaltum ke kai masa abinci. Duk wanda ya doka, sai jama'a su ƙara yarda akwai abin da yake karewa.

Rannan da rana tsaka samari suka zo masa su da yawa. Babu mai ɗauke da ƙarfe, tunda a ganinsu ba ya kama shi, gora kowa ya riƙo. Ya karya wa ɗaya muƙamuƙi, ya ciji wani a kunne har ya rabu, sannan suka kai shi ƙasa. Wasu suka hau kansa suna jibga, saura suka bazu a tudun suna tono da sanda da yatsu. Kaltum ta zo ta faɗa a kansa, ita ma ta sami rabonta a kafaɗa. A amalanke aka kawo mini shi, haƙarƙari a karye, haƙoran gaba babu, fuska ba ta ganuwa. Ina goge masa jini yana ta motsa baki, na kai kunne.

"Je ka duba mini abin da ya rage."

Na je. Tudun ya zama kamar inda kaji suka yi tono. Sun cire har sanya da saiwarta. Abin da ya tsira na furen, a gindin surin ta gabas, bai fi faɗin tabarmar sallah ba. Na dawo na gaya masa gaskiya, ya juya fuska ga bango.

Da ya fara iya miƙewa sai ya zo wurina da sanda.

"Likita, ran Laraba bayan la'asar ka zo tudu. Ka zo da zarenka mai kauri."

Ya gaya mini abin da zai yi. Na ce hauka ne, na ce zan kai ƙararsa wurin mai unguwa. Ya ce mai unguwa ma ya aiko a asirce a sam masa gadalin. Ya ce yanka ɗaya ne a dantse, na ɗinke waɗanda suka fi shi, kuma idan ba su ga jininsa a bakin ƙarfe ba, kafin bazara babu sauran ko curi ɗaya. Na san gaskiya ya faɗa.

Ya sa aka yi shela cewa zai nuna sirrin gadali a gaban kowa. Ranar gonar ta cika har kan iyaka, an tattake masa gero. Ya durƙusa a gindin surin, shi da bai taɓa tona wurin ba tun da aka haife shi, ya sa yatsu yana yaye ƙasa a hankali kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jariri. Ya ciro curi ɗaya, ya bar ɗan rami mai ƙunci. Ya ɗaga kowa ya gani, ya tauna shi duka da ƙasarsa, da sauran haƙoran da suka bar masa, yauƙi na bin gemunsa, idonsa na ruwa.

"Akwai wanda bai ga na ci ba?"

Babu. Wani ya ce a jira ya shiga jiki, aka jira. Wani ya ce ya kora da ruwan rijiya, ya kora. Duk sharaɗin da suka kawo ya cika musu. Sannan ya sa aka kife turmi a tsakiyar fili, ya naɗe hannun rigarsa na hagu, ya ɗora dantsensa a kai. Ya kira Fa'izu, ya ce ya kawo addarsa. Sabuwa ce, an kai ta wurin mahauci an wasa.

"Sara," in ji Kolo.

Lissafin Kolo shi ne, duk wanda aka ce ya sari hannun tsoho zai tausaya, ya ɗan ja bakin addar a fata, jini ya fito, a watse. Nawa lissafin ke nan ni ma, shi ya sa na zo da zare. Sai da na dubi fuskar Fa'izu na gane lissafin ya ɓaci. Babu tsoro a cikinta, babu mugunta. Murmushi yake yi. Yaron nan ya yarda da gadalin har cikin ransa, so yake duk gari su ga abin da shi ya gani, adda ta sake karyewa. Ya kama ƙotar da hannu biyu, ya yi bismilla, ya ɗaga har bayan ƙeyarsa kamar mai faskare. Na buɗe baki, ban kai ga magana ba.

Addar ta wuce ta kafe a gindin turmin.

Hannun ya rage a kan turmin, wata 'yar fata kawai ke riƙe da shi. Jini ya yi tsartuwa har kan rigunan na gaba. Mata suka ɗauki salati, maza suka ja da baya suna taka juna. Kolo ya tsaya yana kallon wurin kamar ba nasa ba. Sai ya tallabe abin da hannun dama, ya ɗaga sama, ya juya gabas ya juya yamma.

"Ku duba da kyau. Na baya ku matso."

Na fizge rawanin wani na ɗaure masa dantse, na sa sanda na murɗa har jinin ya tsaya, allura da zaren suna aljihuna ba su da wani amfani. Fa'izu ya zube a ƙasa yana amai, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Baba, ai ka ci. Na ga ka ci."

"Na ci," in ji Kolo, muryarsa ta fara yin ƙasa. "Na ce muku fure ne."

A bayan motar kayan gwari muka kai shi babban asibiti a Kano, ina danne da dantsen duk hanya. Can suka ƙarasa cire hannun. Da 'yan sanda suka zo ya ce shi ya ba da umarni, a saki yaron. Fa'izu bai ƙara kwana a garin ba bayan an sake shi, an ce yana kudu yana dako.

Tun daga ranar babu wanda ya sake tona tudun. Baƙin babura sun ɗauke ƙafa. Yanzu idan an ambaci furen a majalisa sai a yi tsaki a ce ciyawar banza, wadda tsoho ya ba da hannunsa a kanta, Kolo kuwa idan ya ji haka har gyara zama yake yi don daɗi. Yara suna binsa suna kiransa mai gadalin ƙarya, ba ya ko waigawa. Ba ya iya noma. Alhaji ne ke yi masa huɗa, da karkataccen dantsen nan nasa, kuma idan ya zo tudun yana zage-zage yake juya shanun, amma yana juya su. Bazarar da ta wuce karare sun fito a gindin surin, Kaltum ta ce sun ɗan fi na bara. Ni ban je na gani ba. Har yau ina jin haushin mutumin nan, ina kuma jin haushin kaina da na je da zare.

Akwai abu ɗaya da ba ya barina. Washegarin ranar saran, a asibiti, suka ba ni hannun a naɗe cikin farin ƙyalle, in kai gida a binne kamar yadda ake yi. Kolo ya farfaɗo ya gan ni da ƙunshin, ya tambaye ni ina zan kai. Na ce maƙabarta.

"A'a. Ramin da na tona jiya yana nan a buɗe, rana za ta busar da na kusa da shi. Sa shi a ciki ka rufe." Ya numfasa, ya kamo rigata da hannun da ya rage. "Kada ka faɗaɗa ramin, Likita. Akwai curi a kowane gefe."

Na isa tudun da hantsi, ni kaɗai, turmin na nan a kife ƙudaje sun rufe shi. Na durƙusa na gwada ƙunshin a bakin ramin, ya ƙi shiga. Na zurfafa shi da yatsa, ta ƙasa kawai, ban taɓa gefe ba, duk da haka ya ƙi. Sai da na buɗe ƙyallen na lanƙwashe yatsun ɗaya bayan ɗaya, na dunƙule masa hannun kamar zai kai naushi, sannan ya shiga.